Kwana Tara Ina Bin Sawun Jaridar Kwabo: Daga Kano Zuwa Zariya Da Kaduna

Ranar da malamin da ke duba kundina na kammala digiri ya dawo mini da babi na ɗaya, tambaya guda kawai ya yi mini: "Kin taɓa riƙe jaridar nan da hannunki?" Na ce a'a, Malam. Batun da na zaɓa shi ne wasiƙun masu karatu a Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939 zuwa 1945, kuma duk abin da na rubuta a kai daga maƙalu da littattafan wasu na tattaro shi, ina zaune a Kano. Ya ce kada in sake kawo masa ko layi ɗaya sai na je na gan ta da idona. Washegari aka ba ni takardar gabatarwa daga sashenmu na koyon aikin jarida a Jami'ar Bayero, da hatimi da sa hannu.

Sai da na kwana uku ina lallashin Baba kafin ya amince. Sharuɗɗansa biyu ne: a Zariya gidan Goggo zan sauka a Tudun Wada, kuma ko me za a yi kada magariba ta same ni a kan hanya. Ya ba ni naira 50,000, Yaya ya ƙara mini 20,000, Umma ta cika mini leda da dambun nama da ƙuli-ƙuli.

Ranar Litinin da ƙarfe bakwai da rabi ina tashar Unguwa Uku. Tsakiyar hunturu ne, hazo ya rufe gari har ba a hango ƙarshen layin motoci. 'Yan kamasho suka ce Zariya naira 4,000, babu ragi, tun da aka cire tallafin mai kowa ya daina jayayya mai tsawo. Mu huɗu aka jera a baya, kwamfutata a kan cinya. Muka fita ta Na'ibawa, muka wuce gonakin shinkafa na Kura da na Kadawa inda ruwan Tiga ke sa ƙasa ta yi kore shar ko da rani, muka wuce kwandunan tumatir da aka jibge a Kwanar Gafan. Hanyar Kano zuwa Zariya yanzu ta yi kyau, mota sai gudu. Shingen jami'an tsaro uku muka tarar. A na biyun aka ce in buɗe jaka saboda kwamfutar. Na miƙa katin makaranta da takardar sashe, jami'in ya karanta ta har ƙasa, ya ce, "Ɗaliba ce, Allah ya ba da sa'a," ya ɗaga wa direba hannu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan hanya rediyon direba ne. Tun daga tasha ya kama wata tashar Kano ana shirin kiran waya kan tsadar taki, masu kira na ta shigowa, kowa da ƙauyensa da kukansa. Da muka doshi Kwanar Dangora murya ta fara shashsheƙa, can ta ɗauke ɗif. Amma shirin bai ƙare ba. Wani dattijo da ke gaba, manomin masara, ya ɗora daga inda mai kira na ƙarshe ya tsaya, wata mata da ke gefena ta ce ba haka ba ne, a garinsu buhun ya fi haka tsada, direba ya zama shi ne mai raba magana, yana cewa a bar Hajiya ta gama. Har Tashar Yari, inda muka tsaya aka sayi rake, ana kan batun taki. A lokacin ban ɗauki abin da wani muhimmanci ba. Sai bayan kwana biyu na gane cewa kundina ne aka yi mini a aikace a cikin motar nan.

Kafin sha ɗaya na sauka a Kwangila, keke ya kai ni Tudun Wada a kan naira 500. Goggo ta tarbe ni da waina da miyar taushe, tana ta tsokanata da wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi, wai an aiko 'yar Kano neman ilimi a inda ilimi yake. Kunnena ya daɗe bai saba da Zazzaganci ba. Jikokinta za su ce "mota ya zo", "rigana ne", ba ruwansu da bambanta mace da namiji a abubuwa da dama. Na riƙa lura da wannan ne don a aji an sha gaya mana cewa daidaitacciyar Hausar da ake rubutawa ta fi kusa da Kananci, alhali kuwa a nan garin aka yi mafi yawan aikin daidaita ta.

Talata na tafi Samaru, ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, na wuni ina duba kundayen digiri na biyu da na uku. Na samu abin da na samu, na cika shafi goma sha biyu da rubutu. Da la'asar ɗan Goggo, wanda ya girme ni da shekara biyu kuma shi aka ɗora wa rakiyata, ya ce mu bi ta titin Gaskiya in ga ginin kafin rana ta faɗi.

Na daɗe tsaye a gabansa. Ga wanda bai san tarihin ba, tsohon gini ne kawai irin na zamanin Turawa. Amma hukumar da ta haifi wannan wuri ta fara ne a 1929 a matsayin Hukumar Fassara, ta koma Hukumar Talifi a 1933 a ƙarƙashin Dakta Rupert East, kuma a watan Janairun 1939 ta fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Editanta Malam Abubakar Imam, mutumin Kagara, an ɗauko shi ne daga koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, yana da kimanin shekara 28 a duniya. Ya riƙe kujerar har 1951. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, a 1948 ya fara buga jaridar Turanci ta Nigerian Citizen. Ɗaya daga cikin dalilan kafa jaridar Hausar shi ne jita-jitar da ta cika gari gab da Yaƙin Duniya na Biyu, cewa Ingila za ta miƙa wa Jamus ƙasar nan. Wato tun daga sunanta, jarida ce da aka kafa don yaƙar labaran ƙanzon kurege. Shekara tamanin da 'yan kai ke nan, mu kuma yau muna zaune a aji ana koya mana yadda za a tantance ƙarya a WhatsApp kamar sabon ciwo ne. Can gaba kaɗan a kan titin ga Kwalejin Barewa. Unguwar gaba ɗaya sunan kamfanin ta ci, ka ce wa mai keke "Gaskiya" ya san inda zai kai ka.

Laraba da safe muka je wani ɗakin ajiyar takardu da aka kwatanta mini a cikin gari, ba sai na ambaci sunansa ba. An ce akwai tsofaffin jaridu. Akwai su kuwa, a ƙasa, an ɗaure da igiya, rufin ya taɓa yoyo a kansu, gara ta ci gefe guda. Na ɗaga ɗauri ɗaya, shafin sama ya ruguje a hannuna kamar busasshen ganyen kuka. Mai gadin wurin ya ce shekara da shekaru ba wanda ya zo tambayarsu. Na fito idona ya ciko. Ban ɗauki komai a wurin ba sai ƙurar da ta zame mini mura har ƙarshen tafiyar.

Goggo ce ta gyara mini ranar. Da ta ji abin da nake nema, ta ce ai akwai wani tsoho a bayan layinsu da ya yi aikin maɗaba'a tun kafin a haife ta, in je in gaishe shi. Bayan la'asar muka je da ɗanta. Muka same shi a zaure a kan buzu, rediyo ƙarama a gefensa, ya haura tamanin. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni, na nemi izinin naɗar muryarsa a waya. Ya ce, "Naɗi, 'yata, amma ki matso, kunnen ya yi nauyi."

Shi bai riski shekarun da nake nazari a kansu yana mai wayo ba, ya faɗa mini haka tun farko. Abin da ya sani shi ne zamanin yaƙi da jahilci, cikin shekarun 1950, lokacin da kusan kowane lardi ke da 'yar jaridarsa: Bazazzaga a Zazzau, Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato. Ya lissafo su da yatsu ba gargada. Amma ya ce yadda ake karanta Gaskiya a ƙauyensu yana yaro, haka ya tarar ana yi, haka kuma mahaifinsa ya ce ana yi tun lokacin yaƙin Hitila. Kwafi ɗaya ke zuwa garin, na malamin makarantar elemantare. Bayan sallar la'asar sai a taru a zauren mai gari, malam ya karanta da ƙarfi tun daga shafin farko. Ana karantawa ana tsayar da shi. Wani ya ce a maimaita, wani ya ce wannan ba gaskiya ba ne, wani ya tambayi ina ne ƙasar Bama (Burma), don ɗansa na can an kai shi yaƙi. In an gama, jaridar ta wuce wurin malamin asibiti, daga nan ta tafi ƙauyen gaba a aljihun wani mai keke, sai ta yi laushi kamar tsumma kafin ta huta.

Na ce, "Baba, to wasiƙun fa? Su wa ke rubutawa?"

Ya yi dariya ya ce, "Wanda ya iya boko shi ke riƙe alƙalami, amma ba shi kaɗai ke magana ba." In rijiyar gari ta rushe, ko ana ƙorafi kan awon gyaɗa, sai a zauna a zauren nan a ce malam ya rubuta wa Gaskiya. Kowa ya jefa tasa, a yi gardama kan wace kalma za a sa don kada a ɓata wa hakimi rai, sannan malam ya sa sunansa a ƙasa shi kaɗai. Ranar da wasiƙar ta fito kuwa, sai an karanta ta sau uku.

Nan na ji kamar an buɗe mini taga. A aji biyu mun haddace ra'in nan na Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa, wanda suka fitar daga binciken zaɓen Amurka na 1940 a jihar Ohayo, cewa saƙon kafafen yaɗa labarai ba kai tsaye yake isa ga jama'a ba, yakan bi ta kan wasu masu faɗa a ji, su kuma su isar. Na rubuta shi a jarrabawa, na ci. Amma ban taɓa ganin fuskarsa ba sai a zauren nan. Kuma abin da Baba ya bayyana ya ma wuce abin da muka haddace, domin a nan saƙon ba saukowa kawai yake yi ba, yana komawa sama ta hanyar da ya biyo. Malamin da ya karanta wa mutane jarida shi ne kuma ya kwashi maganarsu ya mayar wa jaridar. Jadawalin da na zo da shi daga Kano yana da gurbi ɗaya da na rubuta wa "marubuci": sunansa, garinsa, sana'arsa. Da na bi shi yadda yake, da na kammala da cewa 'yan boko ƙalilan ne ke magana a jaridar, in kawo alƙaluma su goyi bayana, kuma da na yi kuskure.

Kafin mu tashi ya aiki jikansa ya ɗauko wani gwangwanin madara. A ciki akwai haruffan dalma, irin waɗanda ake jerawa ɗaya bayan ɗaya kafin a buga shafi. Ya ce ya shekara fiye da ashirin yana jera su, a juye, daga hagu zuwa dama amma kansu a ƙasa, har ya zamana yana karanta rubutu a juye da sauri kamar yadda nake karanta shi a miƙe. Ya lalubo guda uku ya ɗora mini a tafin hannu: ɓ da ɗ da ƙ. Ya ce waɗannan su ne 'yan gata, in suka ƙare a akwati aiki ya tsaya, don ba a samunsu a kasuwa kamar sauran. Kafin a tsayar da masu lanƙwasar nan a shekarun 1930, ɗigo ake sa wa harafi a ƙasa ko a maƙala masa waƙafi. Na dubi abin da ke hannuna, na tuna yadda mu yanzu muke rubuta "kasa" a waya mu bar mai karatu ya yi ta laluben ko ƙasa muke nufi ko kasawa, alhali haruffan na nan a allon wayar, dannawa kawai za a yi. Ya ce in riƙe ƙ ɗin. Na ce, "Baba, ba zan iya karɓa ba." Ya ce, "Karɓi, ni na gama aiki da shi."

Alhamis da ƙarfe takwas muka kama hanyar Kaduna ni da ɗan Goggo, naira 2,500 kowane. Tafiyar da ba ta fi awa ɗaya da 'yan mintuna ba ta zame mana kusan uku. Mun wuce Jaji kaɗan tayar baya ta fashe, motar ta yi tangal-tangal, mata suka ɗauki salati, Allah ya taimaki direba ya tsayar da ita a gefe. Safayar da ke but ɗin ita ma ba iska. Sai da ya tari mai babur ya tafi neman mai faci. Muka zauna a bakin hanya, daji hagu da dama, ba mai son ya faɗi abin da ke ransa, amma kowa ya san labaran da ake ji game da hanyoyin jihar nan. Wata tsohuwa ta fito da carbi. Ni kuwa na raba dambun Umma ga yaran da ke motar, na ƙi kiran gida don kada hankalin mahaifina ya tashi. Da direba ya dawo da taya a kan babur, har tafi wani ya yi. Muka ratsa tirelolin Mararrabar Jos, muka wuce Rigachikun, muka sauka a Kawo rana ta take.

A Unguwar Sarki na sauka, gidan su wata ƙawata da muke aji ɗaya. Mahaifiyarta ta ba ni ɗakin 'yarta, ta ce muddin ina garin kada in kuskura in sayi abincin dare. Ɗan Goggo ya juya Zariya a ranar.

Daga gidan zuwa Gidan Arewa da ke titin Rabah ba nisa, keke naira 300. Nan ne gidan Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, nan kuma aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966. A 1970 aka mayar da wurin cibiyar bincike da adana tarihi, tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, Farfesa Abdullahi Smith ne ya fara shugabantarta. Harabar na da manyan itatuwa da shiru irin wanda ba a samu a Kano. Na nuna takardata, na cika fom, na rubuta shekarun da nake so. Ma'aikacin da ya kula da ni, wani mai furfura mai sanyin magana, ya ce in wanke hannu in shanya sosai, kada in jiƙa yatsa da yawu wajen buɗe shafi, kuma fensir kawai zan riƙe.

Da ya ajiye ɗaurin farko a gabana, sai na kasa buɗewa na ɗan lokaci. Takardar ta yi ja kamar ƙasar Zariya, tana da wani wari na tsufa da ba zan manta ba. Na shekara guda ina rubuta sunan jaridar nan, ga ta yau.

Kwana huɗu na aiki na yi a teburin nan, Alhamis da rana, Juma'a, Litinin da Talata, daga buɗewa har tashi. Labaran yaƙi ne suka fi cika shafukan gaba, an bayyana ƙasashen Turai da shugabanninsu da Hausar da manomi zai gane, da karin magana da kwatance irin na hira. Wannan kaɗai darasi ne. Mu da ake koya wa rubuta labari da Turanci sannan mu juya shi, sau da yawa Hausarmu takan fito da ƙashin Turanci a cikinta. A shafukan nan kuwa za ka ji mutum ne ke maka magana, ya san kai waye, ya san abin da ka sani da abin da sai an kwatanta maka. Na kwafi jimloli da yawa a littafina ba don kundi ba, don kaina.

Wasiƙun kuma na karanta su da kunnen da Baba tsohon nan na Zariya ya ba ni. Na fara lura da inda marubuci ya ce "ni" da inda ya ce "mu", da inda yake magana da sunan garinsu ko abokan aikinsa. A daren Juma'a na zauna a ɗakin ƙawata na sake zana jadawalin gaba ɗaya, na ƙara gurbi na "da bakin wa ake magana", na koma kan duk abin da na riga na cike na sake bi. Aikin kwana ɗaya da rabi ya koma sabo. Ban yi da-na-sani ba.

Akwai kuma abin da dole mai nazarin wannan jarida ya riƙe a zuciya: ta gwamnatin mulkin mallaka ce, kuma a lokacin yaƙi. Duk wasiƙar da na gani, wani ya zaɓe ta ya bar wata. Abin da muke kira ra'in mai tsaron ƙofa ke nan, wanda David Manning White ya yi bincike a kansa a 1950, ya zauna ya duba labaran da wani edita ke ɗauka da waɗanda yake zubarwa. Mai tsaron ƙofar nan kuwa, wato Malam Abubakar Imam, yana tsakanin Turawa da sarakuna da matasan 'yan boko masu zafin kai, kowa na jan rigarsa. Shi ne kuma mutumin da ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, ya gana da Lugga, tsohon gwamnan Najeriya, ya faɗa masa matsalolin Arewa. Ina karantawa ina jinjina yadda ake faɗin magana mai nauyi a cikin ladabi, a nannaɗe ta yadda za ta wuce ƙofa kuma wanda aka yi dominsa ya ji ta. A ganina wannan gwaninta ce, ba tsoro ba, kuma duk wanda ya saurari yadda masu kiran waya ke yi wa gwamnati hannunka-mai-sanda a tashoshin Kano ya san ba ta mutu ba.

Wahalhalun ƙanana ne amma sun taru. Murar da na kwaso a Zariya ta haɗu da ƙurar takarda, ina aiki da ƙyalle a hanci. Wayata ta cika da hotunan shafukan da aka ba ni izinin ɗauka, sai da na goge hotunan bikin ƙawata kaf bayan na tura mata su. Abincin rana a wata rumfa nake ci a bakin titi, shinkafa da wake da mai da yaji naira 1,200, da ruwan leda biyu.

Asabar da Lahadi ba aiki. Ƙawata ta zaga da ni gari. Muka bi titin Yakubu Gowon, ta nuna mini Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, inda fayilolin lardunan Arewa suke, da gidan Rediyon Najeriya Kaduna, wanda ya fara a 1962. Kakata har ta rasu ba ta yarda da labari sai ta ji shi daga nan, kuma ba ta kwana ba ta saurari Jakar Magori ba. Mahaifin ƙawata, da ya ji muna hirar, ya ce shi da kansa ya yi shekaru a ƙungiyar Zaɓi Sonka ta unguwarsu, suna haɗa kuɗi su sayi katin gaisuwa su aika, ranar da aka karanto sunayensu a taru a saurara. Na ce masa, "Abba, ai zauren Baba ne ya koma rediyo." Ya ce in ba shi labarin, na ba shi, muka kai sha ɗaya na dare. Muka kuma bi ta titin Ahmadu Bello, ta gaban ginin New Nigerian, jaridar da ta fara fita ranar 1 ga Janairun 1966, wadda daga baya Gaskiya ta koma ƙarƙashin kamfaninta. Na tsaya wurin wani mai sayar da jarida a kusa, na tambaye shi ko yana da Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya dube ni ya ce rabonsa da ita ya fi shekara goma. Na sayi Aminiya.

Kaduna ta bambanta da Kano ta wata fuska da ta shafi karatuna. A keke ɗaya za ka ji Hausa da Turancin buroka da wani harshen da ban sani ba, kuma Hausar ce gadar da kowa ke hawa, ko da ba ita ya tsotsa ba. A Kano mukan manta cewa masu sauraron Hausa sun fi Hausawa yawa.

Talata da yamma na mayar da ɗauri na ƙarshe. Na yi wa ma'aikacin godiya, na ce ban san da me zan saka masa ba. Ya ce in na gama in kawo musu kwafi ɗaya na kundin a ajiye, don na bayana ya samu wurin farawa.

Laraba da sassafe na shiga motar Kano kai tsaye daga Kawo, naira 6,500, ba abin da ya faru a hanya, azahar ta same ni a gida. Da na yi lissafi, abin da ya rage a jakata naira 9,000 ne da 'yan canji, na mayar wa Baba ya ce in riƙe na buga kundi.

Ranar Litinin na shiga ofishin Malam da sabon jadawalin da hotuna fiye da ɗari uku a kwamfuta. Ya daɗe yana dubawa bai ce komai ba. Da ya zo kan sabon gurbin ya tambayi daga ina na samo shi, na kunna masa muryar Baba tsohon nan na Zariya, muka saurara tare har inda yake cewa wanda ya iya boko shi ke riƙe alƙalami. Malam ya ce in mayar da wurin baya. Ya sake ji. Sannan ya ce babi na uku zai canza, ƙirga kaɗai ba za ta wadatar ba, sai na haɗa da hira da dattawa, aƙalla mutum shida, kuma in fara neman na Kano tun yanzu. Na ciro ƙ ɗin dalma daga jakata na ɗora masa a tebur. Ya ɗauka ya juya shi a hasken taga, ya tambaye ni ko tsohon zai yarda a koma da ɗalibai 'yan aji uku su gan shi. A daren na kira Goggo na roƙe ta ta tambayo mana. Da safe ta ce ya amince, amma a zo bayan la'asar.